Darasi na 14: Saitin Inji da Gwajin Hanya Bayan An Farfaɗo da Tsohuwar Mota

Idan an gama farfaɗo da tsohuwar mota, an yi mata walda da fenti, an ɗinka kujeru, an mayar da inji mazauninsa, mai wucewa zai ce aiki ya ƙare. Bakanike kuwa ya san da sauran rina a kaba. Kayan da ke cikinta sababbi ne da tsofaffi a gauraye, ba su taɓa aiki tare ba, kuma babu kwamfutar da za ta daidaita su. Hannu da kunne da 'yan kayan awo ne za su yi wannan aiki, shi ne muke kira saiti. Bayan saiti sai gwajin hanya, wanda zai gaskata abin da aka yi a gareji ko ya ƙaryata shi. A wannan darasi za mu koyi jerin da ake bi wajen saiti, da dalilin da ya sa ba a tsallake shi, da yadda ake sauraron mota a kan hanya.

Motar da za mu yi aiki a kanta

Mun ɗauki MGB, ƙaramar motar tsere da shaƙatawa mai kujera biyu wadda kamfanin MG ya ƙera a garin Abingdon na ƙasar Ingila daga 1962 zuwa watan Oktoba na 1980. An yi fiye da rabin miliyan, mafi yawansu aka kai Amurka. Injinta mai silinda huɗu ne, girmansa 1798cc, yana ba da ƙarfin doki 95, kuma tana wuce kilomita 160 a awa kaɗan. Har yau ana samun kusan kowane ɓangare nata sabo, domin tun 1988 kamfanin British Motor Heritage yake buga sabon bodinta. Shi ya sa take cikin motocin da aka fi farfaɗowa a Ingila.

Da wuya ka ci karo da MGB a garejin Kano ko na Maraɗi. Mun zaɓe ta ne saboda komai nata a fili yake. Kana buɗe bonet za ka ga fulogi da distiributa a ɓangaren dama, kafireta biyu da bakin salansa a ɓangaren hagu, babu murfin roba, babu tarin wayoyi. Wanda ya fahimci saitinta, tsohuwar Peugeot 504 mai kafireta, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, ba za ta gagare shi ba. Lambobin awo ne kawai za su canza. Lambobin da ke cikin darasin nan na motocin shekarun farko ne, wato na 1960 da wani abu, don haka ka duba lambar injin da ke gabanka ka gwada da littafin kamfani kafin ka taɓa sifana.

Tashin farko

Injin da aka haɗa sabo ba a tayar da shi kai tsaye. Ka cire fulogi huɗun, ka cire wayar da ke kai wa kwayil wuta, sannan ka riƙa buga kiy kaɗan-kaɗan har allurar man inji ta motsa. Wannan yana nuna famfo ya tura baƙin mai cikin duk hanyoyinsa. Idan ka tayar da inji a bushe, cikin daƙiƙoƙi kaɗan za ka goge metal ɗin da aka kashe kuɗi aka sa. Ka kuma duba batir. Motocin farko batir biyu ne da su masu bolt 6 a bayan kujeru, kuma har zuwa 1967 kan fositif ne ake haɗawa da bodi, saɓanin abin da ka saba gani.

Kana murɗa makulli za ka ji ƙas-ƙas-ƙas daga baya, kusa da tayar dama. Famfon fetur ne na lantarki. Zai yi sauri, ya rage, ya yi shiru idan kofunan kafireta sun cika. Idan bai yi shiru ba, kada ka tayar. Ko dai mai yana zuba a wani wuri, ko allurar fulot ta maƙale, kuma kafiretocin nan a saman bakin salansa suke zaune. Ka tanadi abin kashe gobara kusa, ka buɗe ƙofar gareji.

Da inji ya kama, in an sa sabon kamshaf, kada ka bar shi a sulo. Ka riƙe shi wajen juyi 2000 a minti har tsawon minti 20, domin mai ya riƙa fantsama a kan kamshaf yayin da yake sabawa da abokan gogayyarsa. Mutum ɗaya ya zauna yana kallon allurar mai da ta zafi, ɗaya yana zagayawa yana neman yoyo. Matsin man inji ya tsaya tsakanin psi 50 da 80 idan inji yana gudu. In ya faɗi, a kashe nan take.

Jerin saiti

Kuskuren da ya fi yawa a wannan sana'a shi ne a ji inji yana rawa sai hannu ya nufi kafireta. Ita ce a ido, ita ce mai sukurorin da ke da sauƙin murɗawa, don haka ita ake ɗora wa laifin kowa. Alhali ita ce ta ƙarshe a layi. Kafireta tana amsa yawan iskar da inji ya zuƙa ne kawai. Idan bawul bai buɗe daidai ba, ko wuta ta zo a makare, duk murɗin da ka yi mata ɓoye cuta ne, kuma ranar da aka gyara ainihin matsalar sai an sake saitin daga farko. Jerin shi ne matsi, sannan bawul, sannan wuta, sannan mai.

Matsi ba ya ɗaukar lokaci. Inji da ɗumi, fulogi a cire, totur a buɗe gaba ɗaya, ka auna kowace silinda. Lafiyayyen injin MGB mai babban matsi yana nuna wajen psi 160, sabon haɗi kuma yakan gaza haka kaɗan kafin rin ya zauna. Abin da ya fi lamba muhimmanci shi ne silinda huɗun su yi kusa da juna, kada bambancinsu ya wuce kashi 10 cikin 100. Idan ɗaya ta yi ƙasa, ka zuba mata cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin fulogi ka sake aunawa. In ta hau, rin ne. In ba ta hau ba, ka nemi bawul ko gasket.

Bawul takwas ne, ana ƙirga su daga gaba, wajen lagireto. Tazarar da ake so inci 0.015 ce, wato milimita 0.38, inji a sanyi. Kanikawan Ingila suna da hanya mai sauƙi da suke kira ƙa'idar tara: ka juya inji har bawul na 8 ya nutse ƙasa gaba ɗaya, sai ka saita na 1. Idan na 6 ya nutse, ka saita na 3. Kullum lambobin biyu su haɗu su ba da tara. Ka sassauta noti, ka zura fila geji, ka murɗa sukuru har ka ji gejin yana wucewa da ɗan ja, sannan ka riƙe sukurun da sukundireba ka ɗaure notin. Ka sake zura gejin bayan ɗauri, domin sau da yawa ɗaurin yana jan sukurun. Akwai masu matse bawul don inji ya yi shiru ya burge mai mota. Wannan cin amana ne. Injin nan an yi shi ne da 'yar ƙarar taf-taf, kuma bawul ɗin da aka matse ba ya zama sosai a kujerarsa balle ya sauke zafinsa, ƙarshensa ƙonewa.

Wuta tana farawa daga kwantak. Distiributar Lucas 25D4 tana son tazarar inci 0.014 zuwa 0.016, fulogi kuma inci 0.025. Dole a saita kwantak kafin taimin, saboda faɗin bakinsa yana canza lokacin da wuta take tashi: in ya yi faɗi wuta ta riga lokaci, in ya matse ta makara. Jerin tashin wuta 1-3-4-2 ne, ka bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya da yatsa ka tabbatar. Taimin na farawa digiri 10 ne kafin fistan na ɗaya ya kai ƙololuwa, inji a kashe. A motocin farko alamomin suna ƙarƙashin fuli, sai ka kwanta ƙasa za ka gan su. Bayan haka ka sa fitilar taimin ka ba inji wuta a hankali. Alamar ta riƙa tafiya gaba sannu a hankali, in ka saki totur ta dawo inda take. Idan tana tsalle, ko ta ƙi dawowa, sifirin da nauyin da ke cikin distiributa sun gaji, kuma babu saitin da zai zauna sai an gyara su. Masu farfaɗo da mota da yawa sukan goge bayan distiributa ya yi ƙyalli su manta da cikinta.

Kafireta biyu

Yanzu ne muka iso ga mai. MGB ta farko tana da kafiretar SU guda biyu, samfurin HS4. Ta gaba tana ciyar da silinda 1 da 2, ta baya 3 da 4. Aikinta ya bambanta da na kafiretar da ka saba da ita. A cikin murfin nan mai kan tulluwa akwai fistan da ke hawa da sauka gwargwadon zuƙar inji. A ƙasansa akwai allura mai siririn baki da ke shiga ramin jet. Fistan ya hau, iska ta ƙaru, allura ta fito, mai ya ƙaru. Ba ta da famfon fesa mai idan an taka totur. A maimakonsa, akwai ɗan mai a saman fistan, mai kaurin SAE 20, wanda yake hana shi zabura sama. Wannan jinkirin ne yake sa inji ya samu ƙarin fetur a daidai lokacin da aka ba shi wuta. Idan mota tana shaƙewa kana taka totur, fara duba wannan man kafin komai. Sau da yawa ba a zuba ba ne.

Kafin ka murɗa komai, ka cire matatar iska, ka ɗaga kowane fistan da yatsa ka sake shi. Ya sauko sumul ya buga da ƙarar ƙarfe mai tsabta. In ya maƙale, jet bai tsaya a tsakiya ba. Ka kuma girgiza sandar totur. Idan tana wasa a cikin raminta, iska tana shiga ta nan a sace, kuma sulo ba zai taɓa zama ba.

Sai daidaita iska. Inji ya yi zafinsa na aiki, ka sassauta maɗaurin da ya haɗa totur ɗin kafiretocin biyu domin kowace ta tsaya da ƙafarta. Ka ɗauki guntun tiyo, ka sa baki ɗaya a kunnenka, ɗayan a bakin kafiretar gaba, ka saurari shuuu ɗin iska. Ka mayar da shi bakin ta baya, a daidai wuri iri ɗaya. Wadda ta fi ƙara ta fi zuƙa. Ka riƙa murɗa sukurun sulo na kowace har sautin ya zama ɗaya. Akwai na'urar awon iska da ake sayarwa, tana da amfani ga mai koyo, amma ina ba ka shawara ka horar da kunnenka tare da ita, domin kunne ne za ka tafi da shi kan hanya.

Daga nan sai yawan mai. A ƙarƙashin kowace kafireta akwai noti mai fuska shida. Ka murɗa shi sama har jet ya yi daidai da gadar da ke cikin maƙogwaro, sannan ka sauko da shi zagaye biyu, wato fuska 12. Nan ne mafari. Sauko da shi yana ƙara mai, hawa da shi yana ragewa. A gefen kafireta akwai ɗan fil na gwaji. Ka tura shi ya ɗaga fistan kaɗan ƙwarai, ƙasa da milimita ɗaya, ka saurara. Idan inji ya ƙara gudu ya ci gaba a haka, mai ya yi yawa. Idan ya rage gudu yana neman mutuwa, mai ya yi kaɗan. Idan ya ɗan ɗaga sannan ya dawo, ka samu. Fuska ɗaya ake juyawa a lokaci guda, a ba inji wuta ya share maƙogwaronsa, a sake gwadawa. Kafiretocin suna da bututun da ya haɗa su, don haka taɓa ɗaya yana shafar ɗayar, sai ka yi ta kai da komo tsakaninsu. Wannan wuri haƙuri yake so. In an gama, a sake sauraron iska, a ɗaure maɗaurin, a saita cok, a mayar da matatar iska.

Kafin a fita

Inji mai daɗin sauti yakan sa mutum ya manta cewa mota sai ta tsaya. MGB tana da birkin faifai a gaba, na ganga a baya, kuma motocin farko layin man birki ɗaya ne da su. Tiyo ɗaya ya fashe, ƙafa huɗu sun tafi. Ka taka birki da ƙarfi ka riƙe rabin minti, kada feda ya nutse. Ka tabbatar birkin hannu yana riƙe mota da gaske.

Idan motar mai ƙafar waya ce, wadda babban noti ɗaya yake riƙewa a tsakiya, ka lura da wannan sosai. Notin ɓangaren hagu zarensa na dama ne, na ɓangaren dama kuma zarensa na hagu ne, domin tafiyar mota ta riƙa ƙara ɗaure su. In an musanya hob lokacin haɗi, tafiyar ce za ta kwance su. Ka karanta kibiyar da rubutun da ke kan kowane noti. Taya kuma ka duba shekarunta a jikinta, lambobi huɗu masu nuna mako da shekara. Tayar da ta shekara goma a ajiye, ko zanenta bai ci ba, robarta ta bushe. Giyabos ɗin MGB man inji yake sha, 20W-50, ba man giya mai kauri ba. Idan tana da obadiraib, wato ƙarin giyar lantarki da ke aiki a giya ta uku da ta huɗu, ka tabbatar makunnin da ke hana shi shiga a ribas yana aiki, don ja da baya da shi a kunne yana lalata shi.

A kan hanya

Fitar farko gajera ce, kilomita biyar zuwa goma a hanya marar cunkoso, ku biyu, ɗaya yana tuƙi ɗaya yana rubutu. A kashe rediyo. Ka fara da birki a ƙaramin gudu, ka ga ko mota tana ja gefe. Sababbin fad suna bukatar tsayawa matsakaiciya sau da dama daga kilomita 50 a awa kafin su kama sosai. Ka shiga giya ɗaya bayan ɗaya. A motocin da aka yi kafin ƙarshen 1967 giya ta ɗaya ba ta da sinkiro, kuma tana da kukanta na asali, kada ka ɗauka lalacewa ce, kuma kada ka tura ta mota tana tafiya. Ƙarar gam daga baya idan ka saki totur ko ka taka, a mota mai ƙafar waya, yawanci haƙoran hob ne suka ci. Ka dawo gareji, ka taɓa kusa da kowace ƙafa ka ji ko wata ta fi sauran zafi, ka leƙa ƙasa, ka bi notuna.

Kilomita 800 na farko na sabawa ne. Kada a wuce kilomita 72 a awa, kada a take totur har ƙasa, kada a bar inji yana nishi a babbar giya. A riƙa canza gudu, domin rin ya fi zama idan nauyi yana hawa yana sauka. Idon direba ya riƙa komawa kan allurar zafi. A nan zan yi magana a kan wata al'ada ta garejinmu, wato cire tamostat a jefar da sunan maganin zafi. MG da kanta ta tanadi tamostat mai buɗewa a digiri 82 don yanayin Ingila, da mai buɗewa a 74 don ƙasashe masu zafi. Canza shi ake yi, ba cirewa ba. Injin da ba ya kai zafinsa na aiki yana cin mai, yana wanke bangon silinda da fetur, kuma saitin kafiretar da ka wahala a kai ya tashi a banza.

Bayan kilomita 800 a juye baƙin mai da filta, a sake ɗaure notunan kan silinda da sifanar awo bisa jerin da littafi ya nuna, a sake saita bawul, domin ɗaurin yana rage tazararsu. Sai yanzu ne za a yi gwajin ƙarfi. Ka samu 'yar hawa, ka sa giya ta huɗu a kilomita 50 a awa, ka take totur. Idan ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, wuta ta riga lokaci, fetur yana fashewa maimakon ya ci a hankali, kuma in aka bar shi yana iya huda fistan. A jikin distiributar akwai ɗan noti mai zane-zane da ake juyawa da yatsa. Ka mayar da wuta baya kaɗan, ka sake hawa wannan hawan a wannan giyar da wannan gudun, har ƙarar ta ɓace. Lambar da ke cikin littafi an rubuta ta ne don fetur na wancan zamani mai dalma, wanda aka daina sayarwa a gidajen man Birtaniya a shekarar 2000. Shi ya sa masu farfaɗo da MGB suke dasa kujerun bawul masu tauri a kan silinda, kuma tun da fetur na E10 mai yawan etanol ya shigo Birtaniya a watan Satumba na 2021 suke canza tiyon mai zuwa irin da etanol ba ya ci. Littafi yana ba ka wurin farawa, man da ke cikin tanki da hawan da ke gabanka su za su ba ka wurin tsayawa.

Gwaji na ƙarshe shi ne karanta fulogi. Ka yi tafiyar minti goma a gudu ɗaya, ka tsaya a wuri mai aminci ba tare da barin inji ya daɗe a sulo ba, ka kashe, ka jira ya huce kaɗan, ka cire su ka jera bisa lambarsu. Ruwan ƙasa mai haske shi ake nema. Baƙi mai gari-gari mai ya yi yawa, fari fat mai ya yi kaɗan ko iska tana shiga a sace, baƙi mai maiƙo kuma baƙin mai ne yake haurowa. Idan 1 da 2 sun yi baƙi, 3 da 4 suna da kyau, ka san kafiretar gaba ce. Duk abin da za ka gyara, abu ɗaya za ka canza kafin ka sake fita, ka kuma rubuta shi: kwanan wata, abin da aka taɓa, fuska nawa aka juya, me aka ji. Wanda ya canza abu uku a tare, ko motar ta gyaru bai san wanne ne ya gyara ta ba. Wannan takarda tare da makulli ake miƙa wa mai mota.

Aikin gida

Ku rabu uku-uku. Kowane rukuni ya nemi mota mai kafireta da kwantak a garejin da ke kusa, ya nemi izinin maigidan garejin, ya auna matsin silindoginta da tazarar bawul da ta kwantak, ya rubuta abin da ya samu kusa da abin da littafin motar ya ce. Sannan kowa ya amsa wannan a rubuce: an kawo maka MGB tana shaƙewa idan an taka totur, fulogi na 3 da na 4 sun yi fari, sulo kuma ba ya zama. Me za ka fara dubawa, me zai biyo baya, kuma don me? Ku zo da fila geji da guntun tiyo mai tsawon rabin mita a zama na gaba, a kan inji za mu yi darasin.